Ranar da Baba Ya Ga Waƙa Ba Makaɗa

Gidanmu gidan kiɗa ne, amma ba kiɗan biki ba, ba na fada ba. Kiɗan noma muka gada. Mahaifina ke rataya ganga, ƙanensa kuma, wanda muke kira Baba Ƙarami, shi ke da bakin waƙa. A ƙauyenmu na kusa da Kona, da ƙauyukan da ke kewaye har cikin ƙasar Mayahi, in mutum ya kira gayya ba ya cewa a kira masa wane ko wane, cewa yake a kira masa masu ganga. Ba wanda ya taɓa ganin ɗayansu a gonar wani ba tare da ɗayan ba.

Ga yadda aikin yake, don wanda bai taɓa gani ba. Manoma za su jeru da hauyoyinsu masu doguwar ƙota, su biyun suna biye da su a baya. Kowane manomi yana da takensa, wato kiɗan da in an buga kowa ya san da shi ake. Baba ba ya kallon gangarsa, bayan mutane yake kallo. Da ya ga kafaɗar wani ta fara sanyi sai ya juya kiɗa ya faɗa taken mutumin, Baba Ƙarami kuma ya cafe daga nan, ya kira masa kakansa da rumbunan da kakan ya cika. Na sha ganin dattijon da ya kusa zubewa ya miƙe ya wuce samari. Ganga ce ke fara magana, baki ya biyo ta; haka suka taras, haka suke yi. Kuma ba a sallamarsu a gona. Sai kaka ta yi, kowa ya aiko musu da damin hatsi gwargwadon abin da Allah ya hore masa. Shi ya sa fari sau biyu yake dukan makaɗin noma, ya ci tasa gonar, ya kuma ci kyautar da zai samu daga gonakin mutane.

A shekarar da nake magana ruwa ya ɗauke hatsi yana da ciki. Ko dami ɗaya bai shigo gidanmu daga waje ba, kuma ba mu ga laifin kowa ba. Da rani ya tsaya sai sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Waɗanda aka tuntsurar cewa suke babu yunwa a ƙasa. Sojojin da suka zo suka shiga rediyo suka ce lallai akwai yunwa. Muka gode musu da suka sanar da mu. A ƙauye dai mata sun riga sun koma jiƙa anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an yi kwanaki ana sauya musu ruwa kafin su ciwu.

Ni ban gaji kiɗan ba. An sa ni lakwal, wato makarantar boko, na fito malamin kwantiragi a Tasawa, ana ce mini mushe, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, Baba kuma yana cewa hannuna bai iya komai ba sai riƙon alli. A ranin nan ajina ya koma kamar bakin tsohuwa, nan yaro can gurbi, don iyaye sun kwashi 'ya'yansu sun yi kudu. In an tashi da rana sai in tafi gidan kallon wani abokina a bayan tasha in yi wa mutane fassara. Rumfar zana ce da bencuna da tele, wato talabijin, da wani tsohon gurup mai yawan tari da ke ba ta wuta. Fina-finan da Faransanci suke zuwa, ni kuma in tsaya a gefen tele ina mayar da su Hausa, ina ƙara gishiri inda suka yi lami.

Fim ɗin da ya jawo wannan labari ba wanda ya aika a kawo shi. Abokina ya yi sautun fina-finan faɗa daga Maraɗi, sai ga shi a tsakiyarsu. Na Turawa ne, wai na ban dariya. Mutum uku ne, wani dogo da wani gajere mai tumbi da wata tsohuwa masifaffiya, suka shiga akwalar mota suna bin gari gari suna shiga gasar waƙa. Irin waƙar ita suke kira karawoke. Akwati ne ke ba da kiɗa, kalmomin waƙar suna gudu a jikin gilashi, kai kuma ka riƙe makirfo ka bi su. Waƙar ma ba taka ba ce, ta wani ce da kowa ya sani. Motar kullum cikin mutuwa take, su kuma kullum cikin faɗuwa gasa suke. Fim ɗin ke nan, ba duka, ba harbi, ba ko rawar Indiya.

Ranar farko saura kaɗan 'yan kabu-kabu, masu haya da babur, su rushe rumfar, suka ce an cuce su. Amma mutumin da yunwa ta hana aiki ba abin da yake da shi sai lokaci da baki, saboda haka kafin kasuwa ta zagayo fim ɗin ya zama abin gardama a teburin mai shayi da bakin tasha. Direbobi suka tsaya masa saboda motar, suka ce wanda ya shirya shi lallai ya taɓa bin hanyar Mayahi da damina. Wani tela ya rantse cewa tsohuwar nan surukarsa ce aka sa wa farar fata. Wasu suka ce rashin kunya ne ƙato da gemunsa ya hau dandali ya rera waƙar wani ba da izninsa ba. Wanda ya fi kowa dogon sharhi kuwa wani ne da ke sayar da turare a ƙofar masallaci, wanda bai taɓa leƙa rumfar ba.

Akwai wani Buzu da shanunsa suka ƙare a arewa, ya gangaro Tasawa yana gadi. Kullum a bencin baya yake zama, fuskarsa a cikin rawani, ba ya dariya. Wata rana ya tare ni ya roƙe ni in sa a tsayar da hoton a daidai inda motar ta mutu a bakin wata hanya. Aka tsayar. Ashe ba motar yake kallo ba, ciyawa ce, kore shar, har inda ido ya ƙare. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaye ni ina dabbobin mutanen nan suke, me ya sa ba a sake su a ciki ba. Ra'ayinsa a kan fim ɗin ke nan gaba ɗaya, kuma saboda wurin nan kaɗai yake dawowa.

Sai kuma wurin abinci. Gajeren ne ya yi fushi ya kife wa dogon kwanon taliya da nama a ka, miya tana bin wuyansa. Na san a ƙasarsu nan ne ake shiƙewa da dariya, don har 'yan wasan sun ɗan dakata su ba mutane fili. A rumfarmu kuwa tsit ake yi, sai ƙarar gurup. Kullum haka. Wani dattijo ya taɓa cewa daga baya, a hankali, "Allah shi isam ma abincin ga." Ni ma in an zo nan shiru nake yi, don ba abin da zan fassara.

Ana cikin haka, wata ranar kasuwa, Baba da Baba Ƙarami suka shigo Tasawa a amalanken jaki, sun kawo akuyar mahaifiyata ta ƙarshe. Suka sayar da ita yadda ake sayar da dabba a shekarar yunwa, wato suka bayar, hatsin da suka auno kuma bai ko cika buhu ba. Rana ta take, jaki ba zai iya komawa ba sai la'asar. Baba Ƙarami mutum ne mai son ganin ƙwaƙwaf, ya dubi wansa ya ce, "Yaya, mu tahi mu ga aikin ɗan ga, tunda an ce surutu shika saidawa."

Ni ɗan fari ne, Baba ba ya faɗin sunana. Ya ce, "Surutu kau wajenka yag gado shi." Amma ya tashi.

Na zaunar da su a bencin gaba ina ta rawar jiki, don ranar ce farkon da Baba zai ga ina wani abu da mutane ke saurare. Aka fara. Da aka zo gasar farko, dogon ya hau dandali, kiɗa ya tashi, sai na ga Baba yana karkata hagu yana karkata dama, yana son ya hango bayan mutumin. Can ya ɗaga murya, ba ruwansa da mutane.

"Kai wanga, ina makaɗan?"

Na ce, "Babu, Baba."

"Ɓoye su anka yi?"

"A'a. Akwatin can ne ke kiɗan."

"To wa ab buga shi cikin akwatin?"

Na ce wasu makaɗa ne suka buga tun da daɗewa, aka ɗauka aka ajiye.

"Su suna ina yanzu?"

Ban sani ba. Na ce, "Suna gida." Rumfa ta kwashe da dariya, dariyar da ta fi duk wadda fim ɗin ya taɓa samu.

Baba Ƙarami kuwa ya ji daɗin abinsa. In mota ta mutu ya buga cinya, in tsohuwa ta fara masifa ya riƙe ciki. Amma na lura duk lokacin da aka zo wurin gasa sai ya miƙo wuya. Ba mawaƙin yake kallo ba, akwatin yake kallo. A wani wuri tsohuwar ta ɗauke shi da hannu ɗaya ta saƙala a hammata ta jefa a bayan mota, sai na ji ya ce, "Ikon Allah."

Da aka tashi, mutane suka taru a inuwar bedi, wato darbejiyar da ke ƙofar rumfa, kamar yadda suka saba, don gardamar ta fi musu fim ɗin daɗi. Da yawa sun san iyayen nawa, wasu ma sun taɓa noma a gaban gangarsu. Wani mahauci ya ce wa Baba, "Sarkin kiɗi, yau ga mai abu ya zo. Mi kag gani?"

Baba ba mai yawan magana ba ne, amma ranar ya yi. Ya ce, "Ni ban ga waƙa ba. Na ga mutum shina gudu, akwati na korar shi. Ba ku ga gajeren ga ba, da numhwashi nai ya ƙare? Kiɗan bai jira shi ba, wucewa tai yay yi, ya bar shi da kunya gaban mutane. Da makaɗi na bayanai da ya ruhe mishi wurin, ba wanda za ya san ya gaji. Sannan wa suke ma waƙar? Ban ji sun kira uban kowa ba."

Wasu suka gyaɗa kai. Wani direba ya ce ai wasa ne, Baba, don a yi dariya aka yi. Sai wani ɗan kabu-kabu, tabarau a goshi, ya tsoma baki daga kan babur ɗinsa.

"Baba, in kiɗi ya sake, rawa ma sakewa takai. Akwatin ga ba shi cin tuwo, ba shi shan hura, ba shi jiran dami. Bana wa ad da damin ba makaɗi?"

Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, irin wadda mayunwaci ke yi ce in an faɗi gaskiyar da ta shafe shi. Ni dai raina ya ɓaci, har yau in na tuna fuskar saurayin nan da tabaransa hannuna ƙaiƙayi yake. Amma ba shi ne ya yi ciwon ba. Baba Ƙarami mutum ne da ba a ja da bakinsa. Da zambo ɗaya yake tuɓe ƙato a tsakiyar kasuwa, kuma tun suna yara shi ke rama wa wansa magana. Kowa a wurin shi yake jira. Baba ma ya juya ya dube shi. Shi kuwa yana tsugune, ya sami wani tsinke yana tonon ƙasa, bai ko ɗago ba.

Baba ya miƙe ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Rana ta yi sanyi. A ɗaura jaki."

An ba mu hutu a lakwal, saboda haka na bi su. A bakin gari sojoji suka tsayar da mu a shinge, ɗaya ya zunguri buhun da bakin bindiga, ya ga ba abin kirki a ciki, ya ɗaga mana hannu. Daga nan sai rairayi da kututturan kara da gawar shanu nan da can. Baba yana gaba yana kora jaki, ya ba mu baya. Baba Ƙarami ya matso kusa da ni a ƙarshen amalanke ya yi ƙasa da murya.

"Mushe, shin kowane kiɗi na shiga akwatin ga?"

Na ce yanzu ma ba sai akwati ba. Ko salular da ke aljihuna tana ɗauka, a zuba a wani ɗan kati da bai fi farce ba, a sa a lasifika ko'ina.

Sai ya gaya mini abin da ya daɗe yana ɓoyewa. Akwai wani mai tallar magani a Maraɗi, yana bin kasuwanni har Jibiya da Katsina da lasifika a kan babur, yana neman mai baki da zai riƙa tara masa mutane. Tun kaka ya aiko masa. Amma wurin mutum ɗaya ne a babur, ciyarwar ma ta mutum ɗaya ce. Ya ce, "Na ce mishi a'a. Ni bakina bai buɗewa in ba gangar yaya. Ban san ana raba kiɗi da mai shi ba sai yau."

Na daɗe ina cewa fim ɗin nan ne ya raba gidanmu, kuma har yau ba na ƙaunarsa. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Baba Ƙarami yana da yara ƙanana cike da ɗaki, rumbunsa ya daɗe da zama wurin kwanan kaji, kajin ma an cinye. Autarsa gashinta ya koma ja, kuma duk wanda ya taɓa ganin yunwa ya san abin da wannan ke nufi.

Washegari da hantsi Baba yana zaune a zaure, ni ina gefe, sai ga Baba Ƙarami. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya shigo ya durƙusa, abin da ban saba gani tsakaninsu ba.

Ya ce, "Yaya, roƙo na zo."

"Hwaɗi."

"Ɗiyan ga ba su kai damana in ban tahi ba. Ka ba ni kiɗan in tahi da shi."

Baba ya nuna cikin gida da haɓa. "Ganga na rataye. Ɗauka."

"Ba ganga ba, yaya. Hannunka nika so."

Baba ya dube ni, ya dubi aljihuna inda salular take, na ji kamar in nutse. Sannan ya ce, "Wato in shiga akwati. Kai ka bi gari gari, ni in zamna gida kamar waɗancan." Bai jira amsa ba. Ya ɗauki hularsa ya fita ya nufi gona, gonar da ba komai a cikinta sai rairayi.

Kwanaki ba ya yi wa ƙanensa magana sai gaisuwa. Gida biyu suna ci daga buhu ɗaya, buhu kuma ba ya jin lallashi. Mahaifiyata ba ta sa baki ba, sai dai in za ta ɗebi hatsi takan yi a inda zai gani. Wata safiya ya shiga sashen ƙanensa neman igiya, ya tarar da autar nan mai jan gashi kwance a tabarma, ƙuda a bakinta, ba ta ko kora. Ya fito ba igiya. Ya shiga ɗakinsa ya sauko da ganga, ya kaɗe mata ƙura ya ajiye ta a rana don fatar ta ɗaure. Duk gidan muka gane amsa ke nan.

A gonarmu muka yi, a gindin wani gawo, mu uku. Na riƙe salula kusa da ganga. Baba ya buga buɗewa, Baba Ƙarami ya ja numfashi ya ɗauki waƙa, sai na tsayar da su. Na ce ba a son murya a ciki, kiɗan ne zalla, don shi zai ɗora tasa a can. Baba Ƙarami ya koma gefe. Baba ya sake farawa shi kaɗai, ya ɗan tafi, sai ya rikice. Ya sake, ya sake rikicewa. Mutumin da ke kiɗa tun kafin a haife ni, ga shi yana lalube kamar ɗan koyo, don ba bayan da zai kalla, ba bakin da zai saurara.

Ya sauke gula, sandar kiɗan, ya ce, "Ba ni iya ma iska kiɗi." Sannan ya kira ƙanensa yadda uwarsu ke kiransa. "Auta, zo tsaya gabana. Yi waƙar, amma kak ka hidda murya."

Haka aka yi, kuma ban taɓa ganin abu mai ban tausayi irinsa ba. Baba Ƙarami ya tsaya a gaban wansa, baki a buɗe, jijiyoyin wuya a miƙe, hannu yana nuna manoman da ba su nan, ba ko sauti da ke fita. Baba ya kafa ido a leɓensa. Inda ya ga zai ja numfashi ya cike masa wurin, inda ya ga zai yi kirari ya sassauta ya ba shi fili. Suka bi taken mutanen garinmu ɗaya bayan ɗaya, daga unguwar gabas zuwa ta yamma. Mafi yawan masu taken suna kudu wajen cin rani, wasu kuma suna ƙarƙashin ƙasa. Hawaye suka wanke fuskar Baba Ƙarami, bai share ba don kada ya ɓata wa wansa karatun bakin. Idon Baba a bushe yake. Ni kuwa na tsani salular nan kamar in jefa ta rijiya.

Da aka gama na ce ko in kunna ya ji. Ya ce, "Ba shi. Nashi na."

Baba Ƙarami ya bi motar kasuwa ya tafi. Gaskiya ɗaya ce, tafiyar ta yi rana. Ba a daɗe ba saƙon masara da garin rogo ya fara zuwa, kuma ba ya aiko wa sashensa sai ya haɗa da namu. Yaran duk suka kai damina, har autar, wadda yanzu da nata yaran. Masu dawowa daga Jibiya suka riƙa ba da labarin sun ji gangar Baba a tsakiyar kasuwa tana fita daga lasifika, ana ɗora tallar maganin basir a kan taken sarkin noman garinmu. Suna faɗa suna dariya, wai Baba ya yi suna. Shi dai cewa yake, "To."

Sai da damina biyu ta wuce, sojoji sun koma bariki, ruwa ya dawo, sannan Baba Ƙarami ya zo gida daidai lokacin noma, da sabuwar riga da ɗan tumbi. Sarkin noma ya ce tunda masu ganga sun cika, gayya zai kira. Ranar gari ya fashe, har ni na taso daga Tasawa. Tun asuba Baba ke gyaran ganga, yana yi wa jikoki faɗa ba dalili, alamar yana cikin farin ciki ke nan.

Farkon abin ya tafi daidai. Muryar Baba Ƙarami ma ta ƙara kauri. Da rana ta ɗaga sai wani dattijo a tsakiyar layi ya fara ja da baya. Baba ya gan shi, ya juya kiɗa ya faɗa takensa. Baba Ƙarami kuwa ya zarce da kirarin wani daban, mutumin da ke biye a jerin da aka ɗauka a gindin gawo, wanda ma ba ya gonar. Kiɗa da waƙa suka yi karo. Baba ya koma baya ya sake buɗe masa hanya, suka ci gaba. Can zafi ya yi yawa, manoma suka sassauta, Baba ya sassauta tare da su, Baba Ƙarami ya wuce gaba da gudu ya bar ganga a baya. Sai ya tsaya ya juyo, a gaban kowa, ba da fushi ba, da muryar mai gyara wa ɗan koyo kuskure.

"Ba haka shike ba, yaya. Nan ba a jinkiri."

Maganar na fita ya ji abin da ya faɗa, ya kai hannu baki. Manoman da ke kusa suka yi kamar ba su ji ba.

Ba a barin masu noma a tsakiyar layi, saboda haka Baba bai tsaya ba. Ya sunkuyar da kai ya daina kallon kowa, ya buga kiɗan yadda ya buga shi ranar nan a gindin gawo, take bayan take, daga unguwar gabas zuwa ta yamma. Waƙa ta zauna daram, ba a ƙara yin karo ba har aka tashi. Waɗanda ba su san komai ba suka ce ba a taɓa yin gayya mai daɗinta ba.

A hanyar gida Baba Ƙarami ya sha gabansa zai durƙusa, Baba ya riƙe masa kafaɗa.

Ya ce, "Tashi, Auta, ba ka yi laihi ba. Da wancan kas saba. Ya hi ni iyawa kau, shi bai kuskure."

Sannan ya sauke gangar daga kafaɗarsa ya miƙo mini, shi da bai taɓa yarda wani ya ɗaukar masa ita ba. Gayyarsa ta ƙarshe ke nan. Ya wuce gaba hannu rabbana, mu biyu muna binsa a baya har muka isa gida.